Otakar Ševčík (1852–1934): Malamin da Ya Rubuta Nahawun Goge

Gabatarwa

A yawancin makarantun da ake koyar da gogen Turawa a yau, daga Landan har zuwa Tokyo, ɗalibi ba ya yin nisa sai an miƙa masa wani littafi wanda ba a tsara shi don daɗin saurare ba. Abin da ke cikinsa ƴan gajerun darussa ne, amo huɗu ko takwas, waɗanda ake so ya yi ta maimaitawa har yatsunsa su saba. Sunan da ke bangon littafin shi ne Otakar Ševčík, mutumin ƙasar Cek, wanda ya yi kiɗa a gaban jama'a, ya tsara kiɗa nasa na kansa, sannan ya shafe fiye da shekara hamsin yana koyarwa. Wannan maƙala za ta bi tarihin rayuwarsa, ta kuma nuna abin da ya sa aikinsa ya cancanci ɗalibin kimiyyar harshe ya dube shi: ya ɗauki gwanintar da ake ganin baiwa ce kawai, ya warware ta zuwa ƙananan sassanta, ya rubuta ta yadda za a iya koyar da ita bayan ransa.

Sunan nasa ma darasi ne ga mai nazarin tsarin sauti. Alamar da ke bisa haruffan š da č ita ce Cekawa ke kira háček, ma'ana ƴar ƙugiya, kuma asalinta yana komawa ga gyaran rubutun da ake dangantawa da Jan Hus a farkon ƙarni na 15. Dabara ce irin wadda Hausa ta yi wa ɓ da ɗ da ƙ da ƴ domin rubuta sautukan da haruffan boko ba su tanada ba. Harafin š daidai yake da sh na Hausa, č kuwa daidai yake da c. Baƙin v da ke tsakiya mai ziza ne, amma da yake č marar ziza na biye da shi, sai naso ya mai da shi f. Saboda haka ana furta sunan Shefcik, da dogon wasali a gaɓar ƙarshe, kuma haka za a ci gaba da rubuta shi a nan.

Haihuwa da Ƙasar da Ya Tashi

An haifi Shefcik ranar 22 ga Maris 1852 a Horažďovice, wani ƙaramin gari da ke bakin kogin Otava a ƙasar Bohemiya. A lokacin Bohemiya tana ƙarƙashin Daular Ostiriya. Jamusanci ne harshen mulki da na ilimi mai zurfi, Cekanci kuwa ya daɗe ana kallonsa a matsayin harshen ƙauyawa da barori. Sai dai tun kafin haihuwarsa masana suka tashi tsaye wajen farfaɗo da harshen. Josef Dobrovský ya fitar da nahawun Cekanci a 1809, wanda ya rubuta shi da Jamusanci, sannan Josef Jungmann ya wallafa ƙamus mai juzu'i biyar tsakanin 1834 da 1839. Shefcik ya tashi ne a tsakiyar wannan yunƙuri, lokacin da Cekawa ke neman nuna wa duniya cewa harshensu da kiɗansu ba su gaza na kowa ba.

Mahaifinsa malamin makaranta ne, kuma a wurinsa ya fara koyon kiɗa. Wannan ba baƙon abu ba ne a Bohemiya. Malamin ƙauye shi ke koyar da karatu da lissafi, shi ke kula da waƙoƙin coci, shi ke kuma ɗora yara bisa goge da waƙa. Wannan tsari ne ya sa ƙasar ta yi suna wajen fitar da makaɗa tun ƙarni na 18, lokacin da irin su František Benda da Jan Václav Stamic suka tafi fādodin sarakunan Jamus suka yi fice. Ga ɗan talaka, goge sana'a ce da za ta iya fitar da shi daga ƙauye.

Karatu da Farkon Aiki

A 1866, yana da shekara 14, ya shiga makarantar koyon kiɗa ta birnin Prag, wadda ta fara aiki tun 1811. Ya fara da Antonín Sitt, daga baya ya koma hannun Antonín Bennewitz. Shi Bennewitz almajirin Mořic Mildner ne, Mildner kuwa almajirin Friedrich Wilhelm Pixis ne, wanda shi ne malamin goge na farko a makarantar. Wato dai Shefcik ya sami iliminsa ta hanyar silsila, daga hannu zuwa hannu, kamar yadda aka saba a kowace sana'a ta gado.

Ya kammala a 1870, nan take aka ɗauke shi jagoran masu goge a ƙungiyar makaɗa ta Mozarteum da ke Salzburg, yana saurayi mai shekara 18. Jagoran masu goge shi ke zama a sahun gaba, shi ke daidaita yadda sauran za su ja baka, shi ke kuma kaɗa wuraren da aka keɓe wa goge ɗaya. Ya riƙe wannan matsayi shekara uku. A 1873 ya yi ɗan zama a gidan wasan wucin gadi na Prag, wanda Cekawa suka buɗe a 1862 kafin su gama gina babban gidan wasansu na ƙasa, kuma a lokacin Bedřich Smetana ne ke shugabantar kiɗa a wurin. Daga nan ya wuce Viyana, ya yi aiki a wani gidan opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera zantukansa. Har zuwa wannan lokaci rayuwarsa ta matashin makaɗi ce mai neman suna.

Shekaru Goma Sha Bakwai a Kiyef

A 1875 ya karɓi aikin malamin goge a makarantar Ƙungiyar Kiɗa ta Rasha da ke Kiyef, babban birnin Yukren na yau, wanda a lokacin yake cikin Daular Rasha. Ya zauna a can har 1892. Yana koyarwa, yana kuma fita yin kiɗa a gaban jama'a. A cikin waɗannan shekaru ciwon ido ya matsa masa, ciwon da daga baya ya yi sanadin rasa idonsa guda. Sannu a hankali ya janye daga dandali, ya mai da hankalinsa kacokan ga ɗakin koyarwa da teburin rubutu.

Tambayar da ya tsaya a kanta mai sauƙin faɗa ce: me ya sa ɗalibi ke kaɗa wuri ɗaya sau ɗari, kuma ya yi kuskure iri ɗaya sau ɗari? Amsar da ya cimma ita ce, ɗalibin yana maimaita jimla sukutum, alhali matsalar tana cikin gaɓa guda. Wataƙila sauyin yatsa ne daga wannan amo zuwa na kusa da shi, wataƙila ƙetarawar baka ce daga tsirkiya zuwa tsirkiya. Idan aka ciro wannan gaɓa, aka yi ta aikinta a hankali ta kowace fuska, sai jimlar ta miƙe da kanta. A kan wannan tushe ya gina littafinsa na farko kan dabarun hannun hagu, mai kashi huɗu, wanda ya fito a 1881.

Yadda Hanyar Tasa Take

Kafin a fahimci abin da ya yi, sai an san wahalar abin kiɗan. Gogen Turawa tsirkiya huɗu gare shi, kuma wuyansa ba shi da wata alama da ke nuna inda za a ɗora yatsa. A nan sun yi tarayya da gogen Hausa, wanda ake yi da ƙwarya da fatar guza da tsirkiya guda ta izgar doki. A duka biyun kunne ne alƙali, kuma kaucewar yatsa da ɗan kaɗan ta isa ta ɓata amo. Mai jin Hausa ya san nauyin irin wannan ƙaramin bambanci, domin karin sauti kaɗai ke raba wuya ta jiki da wuya ta wahala.

A kiɗan Turawa, tazara mafi ƙanƙanta tsakanin amo biyu ita ce rabin mataki. Idan tazarar rabin mataki ce, yatsu biyu sukan haɗu su manne. Idan cikakken mataki ce, sai su buɗe. Tsohuwar hanyar koyarwa takan fara da jerin amo guda wanda ke da sauƙi a rubuce, amma a cikinsa wurin da yatsu ke mannewa yana sauyawa daga wannan tsirkiya zuwa waccan, sai hannun ɗan koyo ya rikice tun ranar farko. Shefcik ya juya lamarin. Ya sa rabin matakin tsakanin yatsu biyu ayyanannu, ya bar shi a nan bisa dukkan tsirkiyoyi huɗu, har sai hannu ya riƙe wannan siffa. Bayan haka ya matsar da shi zuwa wasu yatsu biyun, a sake bin tsirkiyoyin daga farko. Wannan shi ne tsarin rabin mataki da aka san shi da shi, kuma a kansa ya gina littafinsa na masu fara koyo.

Irin wannan aiki ya yi wa hannun dama a littafinsa na biyu, na dabarun jan baka, wanda ya fito a 1895. A ciki yakan ba da ɗan gajeren kiɗa guda, sannan ya jera hanyoyi masu yawa na kaɗa shi: da tsinin baka, da tsakiyarsa, da gindinsa, a haɗe, a yanke, da tsalle, da ƙarfi, da taushi. Jimlar darussan ta kai kusan 4000. Ya kuma ware littafi ga sauya matsayin hannu bisa wuyan goge, wani ga kaɗa tsirkiya biyu a lokaci guda, wani ga karkarwar yatsa tsakanin amo biyu, wani kuma ga daidaita amo. A ƙarshen rayuwarsa ya ɗauki manyan kaɗe-kaɗen Mendelssohn da Brahms da Tchaikovsky da Paganini da Wieniawski, ya yayyanka su layi-layi, ya rubuta darasi ga kowane wuri mai wuya.

Ɗalibin harshe zai ga sanannen abu a nan. Ana riƙe komai yadda yake, a sauya abu ɗaya tak, a ga abin da sauyin ya haifar, kamar yadda ake yi da zubin kamantau wajen gano ƙwayar sauti. Ana kuma jera dukkan siffofin da abu guda zai iya ɗauka, kamar jadawalin aikatau. A birnin Prag ɗin nan ne Vilém Mathesius ya kafa Da'irar Nazarin Harshe a 1926, inda Roman Jakobson da Nikolai Trubetzkoy suka aza harsashin nazarin tsarin sauti bisa bambance-bambance. Fagensu daban ne da na Shefcik, littafinsa na farko kuma ya riga da'irar da shekara 45. Abin da ya haɗa su shi ne yarda cewa abin da kunne ke ji a dunƙule yana da ƙananan sassa masu iyaka, kuma ana iya lissafa su.

Komawa Prag da Ficen Almajirai

A 1892 ya koma makarantar da ta yaye shi a matsayin malami, ƙarƙashin shugabancin tsohon malaminsa Bennewitz. Prag ɗin da ya tarar ta sauya. An buɗe gidan wasa na ƙasa a 1881, gobara ta cinye shi a shekarar, jama'a suka yi karo-karo aka sake buɗe shi a 1883. Jami'ar birnin ta rabu biyu a 1882, ɓangaren Jamusanci da na Cekanci. Antonín Dvořák yana cikin malaman makarantar kiɗan, daga baya ma ya shugabance ta daga 1901 zuwa rasuwarsa a 1904.

Almajiransa ne suka fitar da sunansa. Jan Kubelík, ɗan wani mai aikin lambu, wanda aka haifa a 1880, ya gama karatu a hannunsa a 1898. Ya girgiza Viyana a shekarar, ya girgiza Landan a 1900, ya zagaya Amurka daga 1901. Jama'a suka fara tambayar wanda ya koyar da shi. Jaroslav Kocian ya biyo baya da irin wannan nasara. Marie Hall, ƴar Ingila da ta taso cikin talauci tana kiɗa a bakin titi tare da mahaifinta, ta je Prag a 1901 bisa shawarar Kubelík, ta koma gida ta zama ɗaya daga cikin manyan masu goge na ƙasarta, har Ralph Vaughan Williams ya sadaukar mata da wani shahararren kiɗansa. Václav Talich, wanda ya zama babban jagoran ƙungiyar makaɗa ta Cek, shi ma ya zauna a ajinsa. Daga nan ɗalibai suka yi ta kwarara daga Ingila da Amurka da Rasha har da Ostareliya.

Shefcik ya tsara kiɗan saurare ma. Mafi shahara a ciki shi ne tarin raye-raye da waƙoƙin gargajiyar Cekawa da ya shirya wa goge da fiyano, mai lamba 10 a jerin ayyukansa. Ya ɗauki karin waƙoƙin da manoman ƙasarsa ke rerawa, ya ƙawata su da dabarun da sai gwani ke iya kaɗawa. Kubelík da Kocian sun kai wasu daga cikinsu manyan dandamali.

Písek, Viyana da Amurka

Ya bar makarantar Prag a 1906, ya koma koyarwa ta ƙashin kansa a kudancin Bohemiya, da farko a Prachatice, daga baya a Písek. Shi ma Písek a bakin kogin Otava yake, kuma yana da gadar dutse tun ta ƙarni na 13. Ƙaramin garin ya cika da baƙi masu harsuna iri-iri, suna haya a gidajen mutane, kowace taga amon goge ke fita daga cikinta. An san shi da tsananin aiki da sammako da doguwar tafiya da ƙafa cikin dajin da ke kewaye da garin. Yakan buƙaci almajiri ya yi atisaye na sa'o'i masu yawa kowace rana, har zuwa takwas.

A 1909 aka ba shi shugabancin ajin ƙwararru na goge a makarantar kiɗa ta Viyana, babban birnin daular. A can ya koyar da Erika Morini tun tana yarinya. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare da rushewar daular, aka ayyana ƙasar Cekoslovakiya ranar 28 ga Oktoba 1918. Shefcik ya bar Viyana ya koma Prag, ya koyar a makarantar kiɗa har 1921. Tsufa bai zaunar da shi ba. Ya ƙetare teku ya koyar a Ithaca ta jihar New York, da Chicago, da Boston, ya kuma koyar a Landan. Tsakanin waɗannan tafiye-tafiye yakan koma Písek, inda Wolfgang Schneiderhan ya yi karatu a wurinsa yana ƙaramin yaro. Ya rasu a Písek ranar 18 ga Janairu 1934, yana da shekara 81. Makarantar koyon fasaha ta garin tana ɗauke da sunansa.

Sukar da Aka Yi Masa

Hanyar tasa ba ta tsira daga suka ba, tun yana raye. Masu sukar sun ce tana iya fitar da makaɗi mai yatsu kamar inji amma kiɗansa ba ya taɓa zuciya, kuma yawan maimaici yana gajiyar da hannu yana dusashe kunne. Carl Flesch, wanda shi ma babban malamin goge ne a ƙarni na 20, ya yarda cewa littattafan sun ɗaga matsayin ƙwarewa a duniya, amma ya yi gargaɗi kan a riƙa amfani da su da awo, gwargwadon buƙatar kowane ɗalibi. Wannan suka tana da tushe. Wanda ya haddace jadawalin aikatau na wani harshe bai zama mai fasahar magana ba, kuma nahawu bai taɓa mai da kowa mawaƙi ba.

Sai dai almajiran nasa sun ba da rabin amsa. Kubelík da Kocian da Marie Hall da Morini da Schneiderhan darussa iri ɗaya suka bi, amma kowanensu da muryarsa. Kocian ya zama malami a Prag, shi ya koyar da Josef Suk, jikan ɗiyar Dvořák ta wajen uba, wanda ya riƙe tutar gogen Cekawa har rasuwarsa a 2011. Littattafan kuwa sun ƙetare iyakar abin kiɗan da aka rubuta su dominsa, domin Lionel Tertis da Louis Feuillard sun mai da wasu daga cikinsu ga manyan ƴan'uwan goge masu kaurin murya. Malaman yau ba sa sa ɗalibi ya bi littafin daga bango zuwa bango. Sukan zaɓo darasin da ya dace da ciwon, kamar yadda ake buɗe ƙamus a nemi kalma guda.

Kammalawa

Shefcik ya karɓi iliminsa daga hannu zuwa hannu, ya bar shi a rubuce, a tsare, a jere daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Wannan ne ya sa wanda bai taɓa jin kiɗansa ba yake iya zama almajirinsa shekara casa'in bayan rasuwarsa.

A jihar Maraɗi, daga Tibirin Gobir da Gidan Rumji zuwa Agye da Gazawa, goge yana da nasa dogon tarihi, musamman a wasan bori, inda kowane iska ke da takensa, masu ƙwarya na mara wa mai goge baya. Ilimin yana tafiya ta kunne: yaro ya bi maigidansa, ya saurara, ya kwaikwaya, har hannunsa ya faɗa. Masana daga waje irin su Veit Erlmann, wanda ya yi aiki a Maraɗi, da Jacqueline Cogdell DjeDje, wadda ta wallafa littafi kan gogen Afirka ta Yamma a 2008, sun bayyana wannan al'ada. Amma tsarin rabin mataki na Turawa ba zai auna gogen Hausa ba, domin jerin amonsa daban ne, kuma yana bin hawa da saukar karin magana da tsawon wasula. Wanda zai iya gano ƙananan sassan da wannan kiɗa ya ginu a kansu, ya rubuta su yadda za a koyar, sai ya kasance yana jin harshen a kunnensa kuma ya san yadda ake nazarinsa. Duk tsohon mai gogen da ya rasu ba a zauna da shi an yi wannan aiki ba, takensa da dabarun hannunsa sukan rage ga ɗan abin da yaransa suka riƙe kawai.